Allurar Antibodi da Ƙaiƙayin Borin Jini a Fatar Karnuka

A Hausa kalmar ƙaiƙayi tana nufin ɓuntun da ake sheƙewa daga hatsi, tana kuma nufin abin da fata ke ji har mutum ya kai hannu ya sosa. Wannan ma'ana ta biyu masana lafiya sun daɗe suna ɗaukar ta a matsayin ƙaramin zafi kawai. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa ƙaiƙayi saƙo ne mai zaman kansa, yana da sinadaran da ke tayar da shi da jijiyoyin da ke kai shi ƙwaƙwalwa. A kan wannan fahimta aka gina allurar da likitocin dabbobi a Amurka da Turai ke yi wa karnuka masu borin jini na fata.

Cutar da ake magana a kanta ta gado ce a mafi yawan lokuta. Fatar irin wannan kare ba ta tare abubuwan waje yadda ya kamata, garkuwar jikinsa kuma tana yin fushi da abin da bai kai a yi fushi da shi ba, kamar garin furanni, da funfuna, da ƙananan ƙwarin da ke zaune cikin ƙurar ɗaki. Takan bayyana tun kare yana tsakanin wata 6 da shekara 3. Alamominta suna fitowa a dagi da kunnuwa da fuska da hammata da ƙasan ciki. Kare zai yi ta lasa da cizo da susa har gashi ya zube, fata ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga. Daga nan susa ke ƙara kumburi, kumburi ya ƙara ƙaiƙayi.

A shekarar 2004 masu bincike suka bayyana wani furotin da suka kira intalukin-31, wanda ake taƙaitawa da IL-31. Wasu fararen ƙwayoyin jini na rundunar garkuwa ne ke fitar da shi. Idan ya isa jijiyoyin ji da ke cikin fata, sai ya maƙale a wata mahaɗa da ke jikinsu, ya kunna sinadaran da ake kira JAK a cikin jijiyar, saƙo ya bi ta laka ya isa ƙwaƙwalwa. An gwada yi wa karnuka masu lafiya allurar wannan furotin, sai suka kama susa. Wannan ya tabbatar da cewa IL-31 manzon ƙaiƙayi ne, kuma idan aka tare manzo a hanya saƙo ba zai isa ba.

Abin da ke tare shi shi ne antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa domin ya kama abu ɗaya tak, kamar yadda makulli ke buɗe kwado ɗaya. Dabarar samar da antibodi iri ɗaya da yawa a ɗakin gwaji ta fito ne daga Kambirij ta Ingila a 1975, a hannun Georges Köhler da César Milstein, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1984. Kamfanin Zoetis ya yi amfani da wannan dabara ya samar da lokivetmab, wanda ake sayarwa da sunan Cytopoint. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta ba shi cikakken lasisi a 2016, Tarayyar Turai kuma ta amince da shi a 2017.

Akwai wata matsala da sai da aka warware kafin maganin ya yiwu. Asalin antibodin daga jikin ɓera aka samo shi, kuma jikin kare zai ɗauki furotin ɓera a matsayin baƙo ya yaƙe shi. Saboda haka aka sauya mafi yawan sassansa da na kare, aka bar ɗan bakin da ke kama IL-31. Wannan ne ya sa kare kaɗai ake yi wa allurar, ba a yi wa kyanwa ko wata dabba. Kasancewarsa furotin kuma shi ya hana a mayar da shi ƙwayar haɗiya, domin ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. A ƙarƙashin fata ake yin allurar. A Amurka ana ba da aƙalla miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin kare, bayan kowane mako 4 zuwa 8, a Turai kuma miligiram 1 ga kowane kilo sau ɗaya a wata. Susa takan fara raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Fifikonsa kan tsofaffin magunguna yana cikin ƙunƙuntar aikinsa. Magungunan sitiroyid irin su firednisolon suna kwantar da ƙaiƙayi da sauri, amma suna danne garkuwa baki ɗaya, suna jawo yawan ƙishirwa da fitsari da ci, idan aka daɗe ana ba da su kuma su raunana jiki. Ƙwayar Apoquel, wadda aka amince da ita a Amurka a 2013, tana toshe JAK daga cikin ƙwayoyin halitta, sai dai ba a ba karen da bai kai wata 12 ba. Shi lokivetmab jiki yana rushe shi a hankali kamar sauran furotin, bai dogara da hanta ko ƙoda ba, don haka likitoci kan zaɓe shi ga tsofaffin karnuka da masu shan wasu magunguna.

Wannan ƙunƙunta ita ce kuma iyakarsa, kuma a nan ne mai kare ya fi saurin ruɗuwa. Allurar tana kashe saƙon ƙaiƙayi, ba ta gyara fatar da ta lalace, ba ta kuma raba garkuwa da fushinta. Idan ƙarfinta ya ƙare, susa takan dawo. Ba ta kashe ƙwayoyin cutar da suka riga suka shiga fata ko kunne, kuma inda kumburi ya yi tsanani ba ta kai sitiroyid tasiri ba. Wasu karnuka ba ta yi musu aiki, kaɗan daga ciki saboda jikinsu ya ƙera nasa antibodin ya yaƙi maganin. Abu mafi haɗari shi ne a yi ta ga karen da ciwonsa ƙazwa ce. Ƙazwa ƙwaro ne ke haƙa fata, tana yaɗuwa zuwa sauran karnuka, tana kuma iya taɓa mutanen gida. Rage susa a irin wannan hali ɓoye alama ne alhali ƙwaron yana ci gaba da haihuwa.

Shi ya sa likita kan fara da kankare fata ya duba a madubin likita, ya kawar da zargin ƙuma da ƙazwa, ya kuma gwada sauya abinci na tsawon kusan mako 8 kafin ya yanke cewa borin jini ne. Ko bayan haka akwai batun ajiya. Kwalaben maganin dole su zauna cikin sanyin digiri 2 zuwa 8 ba tare da sun daskare ba, sharaɗin da ke da wuyar cikawa a ƙasashe masu zafi inda wutar lantarki ba ta tsayawa.