Samari Biyu da Ƙofofi 22

A cikin watan Mayu na shekara ta 1974, a wani ƙaramin gari da ake kira Elmira, cikin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, waɗansu samari biyu suka sha giya suka bugu. Da dare ya tsala suka shiga gari suna huda tayoyin motoci da wuƙa, suna farfasa gilasan tagogi. Kafin gari ya waye sun yi wa mutum 22 ɓarna. Da aka kai su gaban shari'a ba su yi gardama ba, suka amsa laifinsu.

Wanda aka ba aikin rubuta wa alƙali rahoto a kansu shi ne Mark Yantzi, ma'aikacin da ke lura da masu laifin da kotu ta bari a gida bisa sharaɗi. Shi Kirista ne na ɗariƙar Menonayit, mutanen da aka sani da ƙin yaƙi. Suka tattauna da abokinsa Dave Worth, sai Yantzi ya rubuta a rahoton cewa zai fi amfani samarin nan su je su ga mutanen da suka cuta ido da ido. Da fari alƙali Gordon McConnell bai ga inda doka ta ba da wannan hanya ba. Amma ran yanke hukunci, abin da ya umarta ke nan.

Haka samarin suka bi gida gida, Yantzi da Worth suna tsaye a bayansu. Su ƙwanƙwasa ƙofa, su faɗi sunayensu, su ce su ne suka yi ɓarnar, sa'an nan su tsaya su ji abin da mai gida zai ce. Aka rubuta hasarar kowa. Alƙali ya ci su tara, ya kuma sa su biya abin da kamfanin inshora bai biya ba, suka koma ƙofofin nan da kuɗi a hannu.

Wani zai ce an yi musu sauƙi. Mu da muke koyar da yara ba mu yarda ba. Yaron da ya ɗauke alƙalamin ɗan'uwansa ya gwammace a yi masa bulala shida a gaban aji, ya share hawaye, magana ta ƙare. Amma a ce masa ya je ya tsaya gaban mai alƙalamin, ya ce "ni ne na ɗauka," ya kuma yi aikin da zai sayo wani, nan ne za ka ga ƙafarsa ta yi nauyi. Bulala fata take taɓawa, ba ta kai ga mai alƙalami, shi kuwa ya koma gida hannu wofi.

Haka yake a kotu. Ƙarar sata ko ɓarna tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma, mai hasara shaida ne kawai. A kira shi ya faɗi abin da ya gani, a sallame shi. Ko an ɗaure ɓarawo shekara biyu, akuyarsa ba ta dawo ba, kuma ba wanda ya amsa masa tambayar da ke hana shi barci, wato me ya sa aka zaɓi gidansa, kuma za a sāke dawowa? Shari'ar Musa ba ta manta da shi ba. A Fitowa sura 22, wanda ya saci sa ya yanka ko ya sayar zai biya biyar, na tunkiya kuwa huɗu. Zakka ma, a Luka sura 19, riɓi huɗu ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta.

Abin da aka fara a Elmira bai tsaya can ba. A 1978 aka kafa irin wannan shiri a garin Elkhart na Amurka. A 1989 ƙasar Niyu Zilan ta yi doka cewa yaron da ya yi laifi a tara danginsa da wanda ya cuta su shirya yadda zai gyara, bayan kukan mutanen Mawori cewa ana raba 'ya'yansu da danginsu. A Nijeriya ma, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ambaci sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta cikin hanyoyin da ba sai an kulle mutum ba.

Mai karatu zai ce ai mu mun riga su, gama tun kakanni idan shanu suka shiga gona, mai unguwa da ardo su kan je su duba ɓarna a yanka abin da za a biya. Gaskiya ne. Amma bari mu faɗa wa kanmu wata gaskiyar kuma. Sau nawa dattawan ikilisiya suka zauna, aka ce wa matar da aka doka "ki yi haƙuri," mijin kuwa bai buɗe baki ya amsa kome ba? Sau nawa aka ɓata yarinya, aka kira abin sulhu, alhali rufin asirin mai ƙarfi aka yi? A Elmira samarin sun amsa laifi tukuna. Masu hasara su ne suka faɗi hasararsu, ba wanda aka tilasta wa ya gafarta, kuma alƙali yana nan idan aka ƙi biya. Inda aka rasa waɗannan, musamman a laifin fyaɗe ko duka, gara a kai magana gaban hukuma.

Ɗaya daga cikin samarin nan ya girma ya yi aiki a masana'anta. Bayan shekaru masu yawa ya koma makaranta, ya shiga wata kwaleji a Ontariyo yana koyon aikin doka da tsaro. Ran nan aka zo aji ana ba su labarin yadda wannan hanyar shari'a ta fara, da samari biyu da suka bugu a Elmira. Yana zaune yana sauraro, sai ya gane labarinsa ne ake bayarwa. Daga baya ya ba da kansa ga ƙungiyar da ke yin aikin a yankin, aka koya masa, ya shiga zama tsakanin masu laifi da waɗanda suka cuta.