Gwanin Dara Daga Kuroshiya, Da Abin Da Ya Shafi 'Ya'yanmu Mata

Yau labarin dara na kawo muku. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwanmu da dara, ba wasan maza ba ne a gindin bishiya?" To, 'yar uwa, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Dukanmu mun san dararmu ta gargajiya. Idan an gama cirar auduga, an kai dawa da masara rumbu, za ki ga maza a Malumfashi da ƙauyukanta sun haƙa gurabu 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. To, akwai wata dara da ake yi a duniya duka, Turawa na kiranta ces. Asalinta daga Indiya ne, ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ta isa Turai, har a Borno ma an daɗe da saninta da sunan tsatsarandi. Gidajenta 64 ne, kowa na da 'ya'ya 16: sarki, da sarauniya, da dawaki biyu, da hasumiya biyu, da wasu biyu da Larabawa ke kira giwaye, da dakaru takwas. Wanda ya tsare sarkin abokinsa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Ƙungiyar wannan wasa ta duniya, watau FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ita ke ba da muƙamin girandimasta, watau babban gwani. Ba a samunsa da roƙo ko sanayya. Sai makin mutum ya kai 2,500, kuma galibi sai ya nuna bajinta a manyan gasa uku tsakanin gwanaye.

Ɗaya daga cikin masu wannan muƙami shi ne Ivan Saric, ana faɗin sunan Sharic. An haife shi a 1990 a birnin Split da ke bakin teku a Kuroshiya, ƙasar da ta fita daga Yugoslabiya a 1991. Mutanenta ba su cika miliyan huɗu ba, watau Jihar Katsina ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. A 2007 Sharic ya zama zakaran Turai na yara 'yan ƙasa da shekara 18. A 2008 ya je Biyetnam ya ciwo na duniya, kuma a shekarar ya zama girandimasta.

A 2014 aka yi babbar gasar ƙasashe a garin Tromso na ƙasar Norwe. Nan aka haɗa shi da Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, wanda kuma ɗan ƙasar ne. Sharic ya cinye shi a gaban mutanensa, dara ta ci gida ke nan. Sa'an nan a 2018, a birnin Batumi na ƙasar Jojiya, ya zama zakaran Turai na manya. Ku duba, shekara 11 tsakanin kambin yara da na manya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.

Kada ki ce ai namiji ne. A ƙasar Hungari, maƙwabciyar Kuroshiya, wasu malaman makaranta, Laszlo Polgar da matarsa Klara, sun haifi 'ya'ya uku duk mata, suka koya musu wannan dara a gida tun suna ƙanana. A 1988 su ukun suna cikin 'yan wasa huɗu da suka ciwo wa ƙasarsu zinariya a gasar mata ta duniya. Autarsu Judit ta zama girandimasta a 1991 tana da shekara 15, kuma a 2002 ta ci Garry Kasparov, wanda a lokacin babu wanda ya kai shi maki. A nan Afirka ma akwai Phiona Mutesi, yarinyar da ta tashi tana tallar masara a unguwar Katwe ta Kampala, ta zo ta wakilci Yuganda a gasar ƙasashe.

To, abin da na ke so mu lura da shi ke nan. Ba wanda aka haifa da gwaninta. Lokaci aka ba waɗannan yara, suka zauna suka yi ta nazari shekara da shekaru. Mu kuwa ina lokacin 'ya'yanmu mata ya ke tafiya? Da safe tallar koko da ƙosai, da rana wanke-wanke da reno, da yamma tallar gyaɗa, ta dawo a gajiye, littafi na hannunta barci ya kwashe ta. Alhali yarinyar da ke lissafin canjin mutum biyar a ka, ba ta ɓatar da ko kwabo ba, ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba.

Game da ita darar, malamai sun yi saɓani. Imamu Malik bai so ta ba, Imamu Shafi'i ya ɗan sassauta, amma duk sun haɗu a kan haramcinta idan da caca a ciki ko ta sa an bar salla. Saboda haka wadda ke so 'yarta ta koya, sai ta shawarci maigida, su tambayi malaminsu.

Amma ba yarinya lokacin karatu ba ya buƙatar fatawa. Uwargida, ki ware wa 'yarki awa ɗaya kullum bayan la'asar, ba aike, ba talla, ba goyo. Ki sa yayyenta maza su ɗauki rabonsu na aikin gida. Ke kuma 'yar makaranta, idan an ba ki wannan awa, kada ki kashe ta a hira ko latsa waya. Ki ɗauki lissafin da ya fi ba ki wuya, ki yi ta juya shi har ya faɗi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.