Mahalbi, wane harsashi ka sa a bindigarka?

Ƴan uwa manoma da mahalba na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne mai bindiga ke ɗauko ta, ya shafa mata mai, ya fita neman harsashi. Da yawa, kuɗi kaɗai suke tambaya: wane ya fi araha? To, ku saurara. Harsashin da mahalbi ya zaɓa shi ke nuna ko dabba za ta faɗi nan take ko za ta tafi da rauni ta ruɓe a daji. Kuma shi ke nuna abin da yara za su ci cikin miya.

Tambaya ta farko: an yarda ka halba?

Tsofaffi sun san lokacin da barewa ke shigowa har bakin gonaki. Yau sai mutum ya shekara bai ga sawunta ba. Farin 1973 da na 1984, faɗaɗa gonaki da yawan bindigogi sun rage ta ƙwarai. Barewa ɗa guda take haihuwa, bayan ciki na wajen wata 6. In aka kashe uwa, an kashe biyu.

Mu tuna da mariri. Da yana yawo garke-garke a arewacin ƙasarmu. A shekarar 2000 masana suka bayyana cewa ya ƙare a daji duk duniya. Sai a 2016 aka kawo waɗanda aka kiwata a waje, aka sake su a ƙasar Cadi.

Saboda irin wannan ne gwamnati ta rufe farauta a Nijar tsawon shekaru. Bayan an buɗe ta aka yi doka mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Dokar ta raba namun daji kashi-kashi. Akwai waɗanda ba a taɓawa ko kaɗan, kamar raƙumin dawa da jimina. Akwai waɗanda sai da takardar izini, cikin lokacin da aka tsayar. An hana halbi daga cikin mota, an hana farautar dare da fitila, an hana guba. Kakanninmu ma suna da tasu ƙa'ida: a Masallata, kusa da Ƙonni, har yau ana bikin buɗin daji, kuma a al'ada ba a fita babbar farauta kafin a yi shi.

Don haka, kafin ka sayi harsashi, ka je wurin ma'aikatan gandun daji na gundumarka. Su za su faɗa maka dabbar da aka yarda, da lokaci, da kuɗin takarda. Bindigar kanta tana da tata takarda. A wannan zamani da ɓarayi masu makamai suka addabi garuruwan bakin iyaka, wanda aka gani a daji da bindiga ba takarda ya ja wa kansa babbar wahala.

Kowace dabba da nata harsashi

Bindigar da ta fi yawa wurinmu ita ce kalibur 12. Harsashinta ƙwayoyi ne da yawa cikin kwanso guda, kuma an rubuta lamba a jikinsa. Ku riƙe wannan: in lamba ta hau, ƙwaya ta ƙanƙance. Lamba 6 ta dace da fakara da zabon daji. Lamba 4 ta fi girma, ta dace da zomo da agwagwar ruwa. Kwanso guda na lamba 6 yana ɗauke da darma wajen giram 32, ƙwayoyi fiye da 200. In nisa ya wuce metir 35, ƙwayoyin sun watse, ƙarfinsu ya ragu.

Barewa tana da nauyin kilo 15 zuwa 30, gwargwadon irinta. Wanda ya halbe ta da ƙwayar tsuntsu ya zalunce ta. Ƙwayoyin za su shiga fata su tsaya, ta gudu, bayan kwana biyu ko uku ta mutu inda ba mai gani. Mahalbi ya yi hasarar harsashi, daji ya yi hasarar barewa, naman kuma ya zama mushe.

A ƙasashen da ake farautar dabba mai wannan girma bisa ƙa'ida, kamar Faransa da Amurka, ana aiki da karabin, bindiga mai harsashi guda. Ƙaramin harsashin nan mai lamba 22 ba shi da ƙarfin da zai kayar da ita nan take. Wanda ya dace shi ne mai faɗin milimetir 6 zuwa 7 da ɗoriya, kamar .243 Winchester ko .308 Winchester, kuma ya zama mai buɗe baki in ya shiga jiki. Harsashin soja an lulluɓe shi da ƙarfe har baki. Yakan ratsa dabba ya fita, ya bar ta da rai cikin azaba. Bindigar yaƙi ba kayan farauta ba ce.

Wani abu kuma: harsashin karabin yana tafiya nesa. Na lamba 22 yana iya wuce kilometir 1 da rabi, manyan kuwa sun fi kilometir 3. A kwarin Maggiya da gonakin albasa na Galmi, ko'ina akwai mai ban ruwa, da makiyayi, da yarinya mai kai abinci. Kada ka halba sai ka ga tudu ko ƙasa bayan dabba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Darma a cikin tukunya

Yawancin harsashi da darma aka yi shi. Darma guba ce. In harsashin karabin ya bugi ƙashi, yakan farfashe ƙanana-ƙanana, ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A Amurka an haska nama da na'urar asibiti, aka ga ɓurɓushin har kusan kamu guda daga inda harsashi ya bi. A 2008, jihar Dakota ta Arewa ta sa an janye naman farauta da aka tara don mabuƙata, saboda darmar da aka samu ciki. Dahuwa ba ta kashe darma. Miya mai tsami ma tana ƙara narkar da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin darma da za a ce ba shi da illa. Yara ƙanana da mata masu ciki sun fi cutuwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa riƙe karatu, ya yi ƙarancin jini. In ta yi yawa, sai farfaɗiya da mutuwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a 2010: darmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta kashe yara wajen 400 a yankin Anka da Bukkuyum. A Senigal, a wata unguwa kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, inda ake fasa tsohon batir ana cire darma. Masu adaka da ke narka darmar batir a tsakar gida, kusa da murhu, su ji wannan da kyau.

Tsuntsaye ma ba su tsira ba. Angulu da ta ci kayan cikin da aka zubar tana haɗiye darma. Agwagwar ruwa tana tsintar ƙwayoyin da suka faɗa tabki, tana zaton tsakuwa ce. Shi ya sa Amurka ta hana ƙwayar darma wajen halbin tsuntsayen ruwa tun 1991, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka hana ta a fadamu da tabkuna a 2023. Yanzu ana yin harsashin karabin da jan ƙarfe, ana yin ƙwaya da baƙin ƙarfe. Sun fi tsada, amma ba su barin guba. Sai dai ƙwayar baƙin ƙarfe tana da tauri: kada a sa ta cikin adaka ko tsohuwar bindiga, tana iya lalata bakin.

Abin da za ku riƙe

In darma ce kaɗai ke hannunka, ka yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi, ka binne shi tare da kayan ciki, kada kare ko angulu su samu. Ka tsince ƙwayoyi daga zomo da zabo kafin a sa a tukunya. Kada a ba mai ciki da ƙaramin yaro naman wurin rauni. Ka wanke hannu da sabuni bayan ka taɓa harsashi. Ka ajiye bindiga daban, harsashi daban, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sarakunan baka da shugabannin mahalba, ku kai wannan magana ga yaranku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko bayan sallar isha'i. In kunne ya ji, jiki ya tsira.