Daren "kajuwal" a jirgin ruwan shaƙatawa: me ake sawa a je cin abinci?

Shirin yau ya samo asali ne daga saƙon wata 'yar uwa daga Kaduna. Ta ce bayan biki angonta zai kai ta yawon mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, an turo musu jadawali, kuma a gaban yawancin dararen an rubuta "kajuwal". Tambayarta: shin hakan na nufin kowa ya sa abin da ya ga dama?

'Yar uwa, a'a. Ni ma haka na fassara kalmar, kuma na ji kunya a kanta.

Sau ɗaya na taɓa shiga irin wannan jirgi, wanda ya tashi daga Dubai ya zaga Abu Dabi da Doha. A dare na biyu na duba takardar shirye-shiryen da ake ajiye wa mutum a ɗaki, na ga kajuwal, na ce ai shike nan. Na fito daga wajen ninƙaya da tiri-kwata, da singileti, da silifas, har da hana-sallah a kai, na nufi babban ɗakin cin abinci. Mutumin da ke bakin ƙofa ya yi murmushi, ya matso kusa da ni don kada na baya su ji, ya ce, "Yallaɓai, ko za ka ɗan koma ka sauya kaya? Teburinka na nan yana jiranka." Wallahi cikin ladabi ya faɗa, amma layi ne a bayana, kuma ɗakina na can ƙarshen jirgi. Tafiyar nan ta komawa ta fi mini kowace tafiya tsawo.

To me kalmar take nufi a wurinsu? Sai an san daga ina abin ya taso. A zamanin da jirgin ruwa ne hanyar tsallaka Tekun Atlantika, masu tikitin ajin farko ba sa zama cin abincin dare sai da cikakken ado. Wanda ya kalli fim ɗin Titanic na 1997 zai tuna yadda sai da aka ara wa Jack kwat kafin ya zauna a teburin manya. Wannan al'ada ce ta rage har yau, sai dai an sassauta ta. A tafiyar dare 7, kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival kan ware dare 2 na kece raini, inda ake fitowa da kwat da dogayen riguna ana ɗaukar hoto. Sauran dararen su ne kajuwal. Wato an ɗauke maka kwat da nektai ne kawai. Tsafta da kamala suna nan daram.

Ma'aunin da nake ba mutane shi ne wannan: ka ɗauka abokin aikinka ne ya gayyace ka cin abinci a wani gidan abinci mai kyau a Abuja, ba biki ake ba, amma za ka iya cin karo da wanda kake jin nauyi. Abin da za ka sa a ranar, shi za ka sa a jirgi.

Kamfanonin kuma ba ɗaya suke ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Carnival suna kiran nasu daren Cruise Casual, sun yarda namiji ya sa jins da riga mai kwala, har ma da gajeren wando mai kyau irin na fita. Amma sun hana singileti ga maza, da wandon motsa jiki, da kayan ninƙaya, da silifas, da hana-sallah. Ka ga ke nan kusan duk abin da na sa a daren nan yana cikin jerin. Norwegian Cruise Line suna cikin masu sakin jiki, tun shekarar 2000 suka fito da tsarin da suka kira Freestyle Cruising, babu daren da aka wajabta wa kowa kwat. A ɗaya gefen akwai Cunard na Ingila, masu jirgin Queen Mary 2 da ke ɗaukar dare 7 tsakanin Southampton da New York. Su daga ƙarfe 6 na yamma ake gyara shiga, kuma abin da suke kira sauƙi wani jirgin ado zai kira shi. Saboda haka kafin ki ɗaure akwati, 'yar uwa, ki buɗe manhajar kamfanin da za ku bi ki karanta nasu sharaɗin.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe. Da yawanmu da zarar an ce Turai ko jirgin Turawa, sai mu ruga kasuwa mu kashe kuɗi a kan kayan da ba za mu sake sawa ba. Na ga wanda ya sayi kwat har biyu saboda tafiyar kwana huɗu, alhali durowarsa cike take da kaftani. Bayan abin da ya same ni, daren da ya biyo baya kaftanin yadi mara nauyi na sa, ruwan toka, da takalmi sau-ciki. Ba wanda ya tsayar da ni. Wata tsohuwa Baturiya ma sai da ta tambaye ni inda aka yi aikin wuyan. Kaftani ko jamfa mai sauƙin aiki ya wuce matakin da ake nema a daren kajuwal, yana da dogon hannu, yana da dogon wando, to me ya rage? Shadda mai nauyi da babbar riga kuwa a ajiye su sai daren ado, kuma ko Cunard da ke da tsauri sun yarda mutum ya fito da kayan gargajiyar ƙasarsa a irin wannan dare.

Maganar hula, kada hana-sallah ta tsorata ku. Dokar ta shafi hular 'yan wasa ce. Zanna-bukar ko kube a kan kaftani ɓangaren shiga ce, ni da tawa na ci abinci har aka gama tafiyar. Haka hijabi da ɗankwali.

Mata ma kusan an gama muku aiki. Abaya mara duwatsu da yawa, doguwar rigar atamfa, ko riga da siket, duk sun shiga. Leshi mai walwali da gwaggwaro su jira daren kece raini. Abu biyu kawai zan ja hankali a kai. Esin ɗakin cin abinci yana da ƙarfi, ko da a waje ana zafi, don haka mayafi mai ɗan kauri zai yi amfani. Sai dai in za a bi ta saman jirgi a kama shi da kyau, iskar teku ba ta da kunya, gyale mara nauyi kan iya tafiya ya bar mai shi. Na biyu takalmi. Jirgi yana ɗan lilo ko da babba ne, kuma tafiyar da nisa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000, gari ne guda. Ki yi tunanin ratsa irin wannan da takalmi mai tsini kowane dare.

Akwai wani abu da ya fi shafarmu mu masu kayan guga. Ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ba, saboda gobara ce abin da aka fi tsoro a teku. In an gan shi a akwati za a karɓe, sai ranar sauka a mayar maka. Wasu jiragen, kamar na Carnival da Cunard, suna da ɗakin wanki da mutum zai je ya goge kayansa da kansa. A Royal Caribbean kuwa sai dai ka ba ma'aikata su goge, ka biya da dala. Shi ya sa nake cewa a zaɓi yadin da ba ya saurin yamutsewa, a kai wa mai guga tun a gida ya ninke da kyau, kuma ana shiga ɗaki a rataye. Wanda ya ɗan tattare, a rataye shi a banɗaki lokacin wanka da ruwan zafi, tururin yana sassauta shi. Shadda mai sitaci dai ban ba da wannan shawara a kanta ba.

Kaya nawa za a ɗauka? Abincin dare awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, a cikin sanyi, kayan ba sa datti. Kala 3 sun ishi dare 5 in ana juya su, kuma ba wanda ke ƙirga maka. Ɗakunan jirgi ƙanana ne, akwatin ma ƙarƙashin gado ake tura shi.

Daren farko da na ƙarshe kusan kullum kajuwal ne, kuma da dalili. Ranar shiga, manyan akwatuna ma'aikata ne ke raba su ɗaki-ɗaki, wani nasa ba ya isowa sai bayan magariba. Don haka a sa kaya kala ɗaya a jakar hannu. Daren ƙarshe kuma ana fitar da akwati bakin ƙofa kafin a kwanta, su kwashe cikin dare. A ware kayan da za a sa da safe kafin a fitar da shi, don an sha ba da labarin wanda ya wayi gari daga shi sai kayan barci.

In kuma ranar gajiya ta yi yawa, an dawo daga yawon gari ba a jin sauya kaya, akwai wurin ɗebi-da-kanka a saman jirgi, Windjammer a Royal Caribbean, Lido a Carnival. Can gajeren wando da tishat sun wadatar, in dai akwai riga a jiki da takalmi a ƙafa, kuma kayan ba a jiƙe suke ba. Da na san da haka a daren nan, da can na wuce abina.

'Yar uwarmu ta Kaduna, Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ki ce wa ango ya bar silifas ɗin a bakin wajen ninƙaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.