Alkawarin Kyauta: Kotu Za Ta Tilasta?

Wani manomi daga Tsafe ya rubuto mana: ɗan kasuwa a Gusau ya yi masa alkawarin buhun taki kyauta, ya fasa. Ya kai ƙara?

To malam, a dokar da muka gada daga Ingila, alkawari ba ya ɗaure mutum sai kowa ya ba da wani abu: kuɗi, hatsi ko aiki. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Amma akwai togiya. Alkawarin da aka rubuta da hatimi ya ɗaure. Haka in shi ya sa ka aiki, kamar kai kaya Bungudu, sannan ya ambaci lada. A mazhabar Malikiyya kuwa, in alkawarinsa ya jefa ka cikin ɗawainiya, dole ya cika.

Jama'a, ku riƙa kafa shaidu. Allah ya kyauta.