Murar tsuntsaye: hatsarin yana wurin yanka da fiɗa

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin masu kiwon kaji a Potiskum, har ya shiga zaurukan mata. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya yi ta zuba kamar likita. Ya ce ƙwai ya zama guba, wanda ƙarya ce, dafaffen ƙwai ba ya ɗauke da cutar. Ya ce ruwan barkono da maɗaci na warkar da murar tsuntsaye, kuma ba sa warkarwa. Waɗannan ba su dame ni ba sosai.

Wadda ta tayar mini da hankali ita ce ta ƙarshe: wai cutar ba ta kama mutum, don haka da zarar kaza ta fara layi a yi maza a yanka ta kafin ta zama mushe, wuta za ta kashe komai.

Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta shiga kunne. Naman da ya dahu har ciki, zafinsa ya kai digiri 70, ƙwayar cutar ta mutu. To amma kafin tukunya akwai mai riƙe fukafukai, akwai mai yanka da jini ke fallatsar masa, akwai matar da ke tsugune tana figa gashi na tashi zuwa hancinta, ta sa hannu ta zaro hanji, sannan ta share gumi da bayan hannun. Ƙwayar tana cikin kashin kaza da majinarta da jininta, ta ido da hanci da baki take shiga. Galibin waɗanda suka kamu a duniya ta hanyar taɓa tsuntsaye marasa lafiya ko matattu suka kamu.

Kuma mutum na kamuwa. Cutar, nau'in H5N1, ta fara ɓulla a Najeriya a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna a farkon 2006. A Janairun 2007 wata mata mai shekara 22 ta rasu a Legas, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa cutar ce ta kama ta. Daga 2003 zuwa yau, kusan rabin mutanen da aka tabbatar sun kamu da H5N1 a duniya sun mutu. Gaskiya ne kamuwar ba ta da yawa, kuma da ƙyar take tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Haka kuma ba kowace mutuwar kaji ce murar tsuntsaye ba, musamman da hunturu. Gwaji ne kawai ke bambancewa, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi.

Ban ga laifin matar da kaji goma ne jarinta ba, da su take sayen littafin yara da kayan miya. Ganin suna zubewa akwai ciwo. Laifin na wanda ya zauna ya naɗi murya ne, alhali ba shi zai yi figar ba.

Idan kajinki suka fara mutuwa bi da bi, tukkunsu ya yi baƙi-baƙi, kansu ya kumbura, kada ki yanka, kada ki kai kasuwa, ki hana yara zuwa akurki. A sanar da ofishin likitan dabbobi. Wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu, in kuma zazzaɓi, tari ko jan ido ya biyo baya cikin kwana goma, ya je asibiti ya faɗa musu ƙarara cewa ya taɓa kaji marasa lafiya.