Koya wa Yara Tausayi da Littafin Hotuna

Yaro yana iya karanta hoto tun bai san baƙi ko ɗaya ba. Saboda haka iyaye, ko ba ku yi makaranta ba, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba.

Ku ɗauki labarin Basamariyen nan na Luka sura 10. A hoton ga mutum kwance a hanyar Yariko, 'yan fashi sun ji masa rauni. Firist ya ratse, Balawe ma ya wuce abinsa. Kada ku yi garajen faɗa wa yaro ma'anar, nan ne yawancinmu muke kuskure. Ku ɗora yatsa a fuskar mai raunin, ku ce, "Me yake damunsa?" Sa'an nan, "Wa ya tsaya?" Ku bar shi ya nemo da kansa, ko zai daɗe. Kashegari, in kun gamu da tsohuwa ɗauke da tulu a hanyar rijiya, ku tuna masa da hoton, ku ga abin da zai yi.

Littafi ɗaya ya isa gidaje da yawa. Ku nemi aro wurin malamin makarantar Lahadi, amma ku ajiye shi cikin akwatin ƙarfe, gama gara da yoyon damina sun ɓata mana littattafai da dama.